Kambun Lokotoro

Asabar, da hantsi. Tasawa.

Dakta Abdulhakim, shugaban asibitinmu, ya ce in riƙa rubutu kullum da hannun dama, ko layi biyu ne, wai motsa hannu ne. To ga shi na fara, har na huda takarda. Ba laifin alƙalamin bik ba ne. Ban san ƙarfin da nake danna shi ba sai na ga ya ɓulla ta baya.

Bari in faɗi abin sau ɗaya, kada in sake. Ni Ramlatu, likitar fiɗa, wadda ta ciro jarirai daga cikin uwayensu har ta daina ƙirgawa, yau babban yatsana da manuniya da ta tsakiya ba sa jin komai. Suna motsi, suna lanƙwasawa, suna riƙe cokali. Ji ne babu. Jijiyar da ta tsinke a wuyan hannuna an ɗinke ta a Maraɗi tun bazara. Aka ce za ta tsiro a hankali kamar yaɗon kabewa, wataƙila ta kai ƙarshen yatsu, wataƙila ta tsaya a hanya. Ga damina na shirin ƙarewa, ni ban ga kabewa ba.

Maganar hanyar Gidan Amumune ba zan rubuta ta ba.

Yatsu uku, shiru.

Lahadi, bayan azahar.

Na murƙushe ƙwai biyu a hannu, sai da na ga kwaiduwa na bin gwiwar hannuna na sani. Inna ta ɗago kai daga fatar da take yanka ta ce, "Lokotoro, ki bar ƙwan nan, kaza ba don ke kaɗai ta yi su ba."

Ni ce ƴar farinta, don haka ba ta kiran sunana. Da can "ke" ce, tun da na gama karatu na zama Lokotoro, wato likita. Ta baro geronta a Urafane yana nuna, ta zo jinyata da jakar dukancinta, don ita ko Makka za ta da basilla za ta tafi. Matasai uku ta ɗinka tun zuwanta, ba wanda ya roƙe ta.

Talata, da la'asar.

Dakta Abdulhakim ya zo gida. Ya sha ruwa, ya yabi dogon yaron tsakar gidanmu, ya sake yabonsa. Mutum in ya dage da yabon itace, akwai magana a bakinsa.

"Bon, Ramlatu, ba ni ɓoye miki. Ƙarshen watan gobe wani Farfesa zai zo daga Maraɗi ya duba hannun. In ya gamsu, ki koma bulok, ɗakin fiɗa. In bai gamsu ba, akwai wuri a biro, wato ofis, wajen lissafin marasa lahiya. Biro ne mai kyau, har da na'urar sanyi."

Na ce masa mu mutanen asibiti mun san waɗanda ake ajiyewa a ɗaki mai sanyi. Bai yi dariya ba. Idanunsa sun faɗa. Tun da na bar ɗakin fiɗa shi kaɗai ke yi, kuma ranar da ya yi tafiya, macen da naƙuda ta gagara sai a ɗora ta a motar asibiti zuwa Maraɗi ana ta addu'a.

Da zai fita ya ce akwai wata Aziza, injiniyar kayan asibiti daga Yamai, suna gwajin wani abu ita da abokan aikinta, ya yi mata maganata. Na ce ta zo. Mai neman ruwa ba ya zaɓen rijiya.

Mijina Sufyan yana bakin ƙofa yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Duk ya ji.

Laraba, da safe.

Yatsu uku, shiru.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci.

Mijina likitan dabbobi ne, mutumin da kan zagaye garin Maijirgi da rugage uku a yini ɗaya. Yanzu kabu-kabu yake hawa, ko ya bi amalanken jaki. Motonsa, wato babur ɗinsa, na bayan rumbu lulluɓe da tsohuwar tabarma, kaji sun mai da shi gida.

Shi ke ɗaura mini igiyar riga, shi ke ɓare mini gyaɗa. Kuma na lura da wani abu: kullum ta hagu yake zama. In muna tafiya, hagu. In zai miƙo mini kofi, hagu. Tun bazara bai taɓa hannun nan ba, ko da kuskure.

Ban ce laifinsa ne ba. Ban kuma ce ba laifinsa ba ne, don bai tambaya ba, ni kuma bakina ya yi nauyi. Rairayi ne, da raƙumi, da madubin moto. Shi ke nan, na ce ba zan rubuta ba.

Litinin, da la'asar.

Aziza ta iso. Ƴar siririya ce, bakinta ba ya hutawa, Hausa da Faransanci duk a tukunya ɗaya take dafa su. Ta buɗe akwati a kan tabarma, Inna na leƙe.

Abu biyu ne a ciki. Na farko hantsaki irin wanda muke kama nama da shi a fiɗa, sai dai a bakinsa akwai wani ɗan abu mai auna ƙarfin matsi. Na biyu wani baƙin abu kamar akwatin ashana mai maɗaurin roba, ana ɗaura shi a damtse, sama da gwiwar hannu, inda jina yake lafiya lau. In hantsakin ya kama abu a hankali, na damtsen sai ya yi ƴar kaɗawa, zirr, kamar salula a aljihu. In an matsa da ƙarfi, kaɗawar ta ƙaru. Babu waya tsakaninsu.

"Mu muna ce mishi retour haptique," in ji Aziza. "Manyan injinan fiɗa na ƙasashen waje ana sa musu irinshi, don likita ya ji abin da ƙarfe ya taɓa. Namu ƙarami ne, na talakawa. Yatsa ta ƙi kai saƙo, to mun canza mishi hanya, voilà."

Inna ta juya abin damtsen a hannunta ta ce, "Ai wanga kambu ne."

Aziza ta fara bayanin batir, Inna ta katse ta. "Ɗiyata, a damtse ake ɗaura shi?"

"I, Inna."

"Don ya taimaki mai shi wurin aiki mai haɗari?"

"I."

"To mi kike son gaya mini? Kambu ne."

Aziza ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce daga yau sunansa ke nan.

Na ɗaura. Na rufe ido, na kama ganyen dogon yaro da hantsakin. Zirr, a damtse. Na ƙara matsawa, ya ƙara. Na saki, ya yi shiru. Na yi haka ban san sau nawa ba. Ba ji ba ne irin wanda na sani, kamar mutum ne yake yi maka magana ta bayan katanga. Amma tun bazara wannan ne karo na farko da na taɓa abu da hannun dama ya amsa mini. Na shiga ɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito na ce hayaƙin murhu ne.

Talata, da hantsi.

Aziza ta koma Yamai, ta bar mini kayan aro. Gargaɗinta biyu: kada ruwa ya taɓa kambun, kuma fuskarsa mai kaɗawa ta kwanta a kan fatar jiki sosai, ba riga a tsakani.

Alhamis, bayan azahar.

Na je wurin Jatau mahauci na ce ina son hanjin akuya kullum, ɗanye, kada a yanka shi guntu-guntu.

"Likita, miya ko balangu?"

"Ɗinki."

Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya naɗe hanjin bai ƙara tambaya ba. Allah ya yi wa Jatau albarka.

Ga yadda nake yi: in yanka hanjin gida biyu, in ɗinke, in ɗaure bakin ɗaya, in ɗura ruwa. In ya ɗiga, mara lafiyata ta mutu. Yau na kashe huɗu. Kambun na ta ihu a damtsena, ni kuma kafin kaina ya fahimci abin da yake cewa na riga na yaga naman. Ina ji, amma ina ji a makare.

Asabar, da safe.

Uku sun mutu, ɗaya ta rayu da ƙyar. Yatsu uku, shiru.

Lahadi, bayan magariba.

Inna ba ta yarda a zubar da abinci, don haka duk hanjin da na gama da shi tukunya yake shiga. Kwana nawa ke nan muna cin miyar hanji. Yau muna cin tuwo sai na ga Sufyan ya tsaya, ya sa yatsa a baki, ya jawo zare, dogo, har da ƙulli. Ya duba shi da kyau ya ce, "Ramla, wanga ƙullin ya yi kyau. Na tauna shi bai kwance ba."

Inna ta ƙware da dariya. Ni ma. Shi ma ya yi, ƴar kaɗan, sannan ya tuna da kansa ya sunkuyar da kai. Amma na gani, kuma na ajiye ta.

Laraba, da hantsi.

Hadiza ta zo daga Maijirgi a amalanke, da ciki ya kai mata wuya, da ƙwaryar wake sabon ɗauka. Shekarun baya ni na yi mata fiɗar haihuwa lokacin da ɗanta ya kwanta a gicciye. Wannan ma an gaya mata sai an yi aiki, don ƙugunta ƙarami ne.

Ba ta ko gama gaisuwa ba ta ce, "Likita, an ce wai kin bar aiki. Ni dai na hwaɗa musu, wanda ya buɗe ƙohwar nan shi zai sake buɗe ta."

Na ce mata Dakta Abdulhakim ya fi ni iyawa, kuma gaskiya na faɗa. Ta ce ita ba ta musa ba, amma ɗinkina ko kaikayi bai taɓa yi mata ba. Na nuna mata hannun, na ce ba ya ji. Ta kama shi, ta jujjuya, ta matsa kamar mai taya tumatir a kasuwa.

"Yo ai da ɗumi. Abin da ke da ɗumi bai mutu ba."

Na so in yi mata bayanin jijiya, sai na fasa. Na gaya mata dai kada ta kuskura ta jira ni in ciwo ya taso, ta wuce asibiti ko wa ta tarar. Sai da na sa ta rantse. Bayan tafiyarta tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba tun ina ɗaliba. Da can hannuna kaɗai nake jin tsoron rasawa. Yanzu ga mace ta ɗora cikinta a kansa.

Juma'a, da la'asar.

Yau wani abu ya canza, ban san yadda zan faɗe shi ba. Ina ɗinki sai na lura ban ƙara tunanin damtsena ba. Da hantsakin ya taɓa hanji, a bakin hantsakin nake jin taushin, ba a damtse ba. Na kira Aziza nan take. Ta ce haka ake so, ƙwaƙwalwa ce ta koyi sabuwar hanyar, ta daina tambayar ta ina saƙon ya biyo.

Biyar na ɗinka, ba wadda ta ɗiga. Na ɗaga ɗaya sama cike da ruwa ina zagaya tsakar gida da ita kamar wadda ta ci kyauta. Inna ta ce in sauke mata abin miya.

Asabar, da safe.

Ba wadda ta mutu. Yatsu uku, shiru, amma yau ban damu da su ba.

Litinin, bayan azahar.

Robar kambun ta fito mini da ƙuraje, zufa na taruwa a ƙarƙashinta. Yau kuma maɗaurin ya tsinke. Na ɗaure da tsumma, yana ta zamewa. Aziza ta ce za ta aiko wani ta motar Yamai, amma sai mako mai zuwa. Farfesa ranar Alhamis ta sama zai zo.

Inna ta dubi tsumman ta girgiza kai. "Kambu tsirara, ko kunya babu."

Laraba, da la'asar.

Raina a ɓace yake, rubutun zai yi muni.

Na tafi asibiti da safe a duba ƙurajen, na bar kambun a kan taga. Na dawo na tarar da Inna zaune tana murmushi, hannu a bayanta. Ta ce in rufe ido. Ta ɗaura mini abu a damtse, mai laushi, mai ƙanshin jima.

Ta ɗinke shi cikin jar fatar akuya. Gaba da baya, sama da ƙasa, ko'ina. Fata ninki biyu, da ado na kore a gefe, da ƴan tuntaye. Har ramin da ake sa masa wuta ta rufe. Ta ce ta sa ƴar laya a ciki, wadda ta karɓo wurin malaminmu na Urafane tun ranar da aka kai ni Maraɗi, ta rasa inda za ta sa mini ita don ta san halina.

Na ɗauki hantsaki na matsa. Komai ban ji ba. Na matsa iya ƙarfina, sai wani ɗan motsi can nesa, kamar ƙuda a cikin tulu.

Abin da na gaya mata ba zan rubuta duka ba. Na ce garin gyaran gira ta cire mini ido. Na ce abu ɗaya ya rage mini a duniya ta ɗinke masa baki. Na ce ba kowane abu ne matashi ba. Na faɗi wannan ga matar da ta sayar da matasai ta kai ni lakwal, makarantar boko.

Ta tattara guntayen fatarta ɗaya bayan ɗaya ta shiga ɗaki.

Alhamis, da safe.

Ba ta ci tuwon jiya ba. Ta ce wa Sufyan ya nemo mata motar Urafane ran kasuwa, gero na jiranta.

Na gwada farke ɗinkin da hagu, na kasa. Ɗinkin Inna ko ruwa ba ya ratsa shi. In na sa reza zan iya yanke wani abu a ciki, kuma kayan aro ne.

Yatsu uku, shiru. Gidan ma shiru.

Juma'a, da hantsi.

Sufyan ya tsaya a kaina yana shirin fita, ta hagu kamar kullum. Ya ce, "Ramla, wanda ya yi ɓarna da niyyar alheri, shirun da ake yi mishi ya hi zagi ciwo. Ki je ki yi mata magana."

Ya fita da sauri kafin in ɗago. Na daɗe zaune. Ban tabbata maganar Inna kaɗai yake yi ba.

Juma'a, bayan la'asar.

Zan rubuta wannan a hankali, don ina so in riƙa karanta shi.

Na same ta tana ɗaure kaya. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yahe mini. Bakina ya hi hankalina sauri, kin san shi tun ina ƙarama."

Ta ce, "Na san shi. Na ubanki ne."

Na yi mata bayanin abin da ban yi mata ba tun farko, don laifin nan nawa ne: na sa ta tafa hannunta a damtsena, sannan na ɗora zane ninki biyu na ce ta sake. Ta gane nan take. Ta ce, "Ashe shi da jiki yake magana. To mi ya hana ki hwaɗi?" Ta jawo jaka ta fiddo basilla.

Muka zauna bakin ƙofa inda haske yake. Na riƙe kambun da hannun dama, ita tana cire ɗinkin ɗaya-ɗaya. Idonta ya kumbura, hannunta ba daidai yake ba, ga ɗinkin ya kama kamar ba ita ta yi shi ba. Tana ta mita wai fata mai kyau ta lalace. Can wajen kusurwa ta danna, basillar ta zame.

"Wash!"

Na fizge hannuna na kai baki. Inna ta rikice. "Sannu, sannu, na soke ki? Mu gani."

Sai muka tsaya, ni da ita.

Jini ne ɗan ɗigo a manuniyata, a gaɓar tsakiya. Kuma yana zafi. Zafi sosai, mai tsami, irin wanda da can zan yi tsaki in wuce.

Na ce, "Inna, ƙara."

"Ke, kina da hankali?"

"Don Allah ki ƙara. Na ruhe ido."

Ta taɓa gindin yatsar da bakin basilla. Na ce na ji. Ta hau sama kaɗan. Na ji. Ta kai kan yatsar, can ƙarshe, shiru. Ta koma babban yatsa, wani abu kamar tafiyar tururuwa. Ta tsakiya, shiru. Kabewar nan ashe tana ta yaɗo ban sani ba, ni ina can ina sauraron damtse.

Inna ta ajiye basilla ta rufe fuska da mayafi, tana ta hamdala. Sannan ta ce, "Ramlatu." Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ta yi maza ta gyara, ta ce Lokotoro, tashi ki wanke jinin nan. Amma na ji, wannan ma na ji.

Asabar, da safe.

Ɗaya ta amsa, ɗaya na gyaran murya, ɗaya shiru.

Dakta Abdulhakim ya gwada da allura ya tabbatar. Ya ce zafi ne kan fara dawowa, jin taushi da laushi sai daga baya, wataƙila da daɗewa, don haka kada in yi saurin raina kambu. Wa ya ce zan raina shi?

Inna ta fasa tafiya. Ta sake ɗinka maɗaurin, wannan karon ta bar fuskar kambun a buɗe da ramin wutarsa, layar kuma ta koma gefe cikin ƴar jakarta. Na aika wa Aziza hoto. Ta ce maɗaurin roba na hanya don shiga bulok, tunda fata ba ta wankuwa da magani, amma ita ma a ɗinka mata irin wannan.

Ban gaya wa Sufyan ba tukuna. Ya tafi rigakafin shanu wajen Mayahi, sai Laraba. Ba maganar salula ba ce.

Talata, da la'asar.

Shida, ba ɗigo. Jatau ya ce awakin Tasawa sun fara gudu in sun gan ni.

Laraba, bayan magariba.

Ya dawo a gajiye, ya ci abinci ya yi barci a zaune. Gobe.

Alhamis, bayan azahar.

Farfesa dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya sa na rufe ido ya bi yatsuna da allura da auduga, yana rubutawa. Auduga ban ji ta ba ko kaɗan, na kuma faɗi gaskiya. Sannan aka kawo hanji a faranti. Da na naɗe hannun riga ya ga jar fata da tuntaye, ya sauke tabarau.

"Wannan fa?"

"Kambu ne, Farfesa."

Dakta Abdulhakim ya yi ta tari. Na yi bayani, Farfesa ya ɗaura a nasa damtsen ya gwada, girarsa ta ɗaga. Ya mayar mini ya ce bismilla.

Allura ta farko kambun ya yi ƙara, na san na matsa da yawa. Na saki, na ja numfashi. Daga nan ban ƙara sanin akwai mutane a ɗakin ba. Da na gama shi da kansa ya ɗura ruwan, ya ɗaga, ya matsa, ya ƙara matsawa fiye da yadda adalci ya ce. Bai ɗiga ba.

Hukuncinsa: in koma bulok, amma ba ni kaɗai ba. Dakta Abdulhakim na gefena a kowane aiki, ni da hantsakina, kuma duk inda ake bukatar yatsa ta lalubo abu a cikin ciki, hannunsa ne zai shiga, ba nawa ba. Bayan wata uku ya dawo ya sake dubawa. Ba duka aka ba ni ba. Amma biro ya nemi wani.

Hadiza an sa mata ranar Litinin. Na aika mata da saƙo cewa ƙofarta mu biyu za mu buɗe, ni zan rufe.

Alhamis, bayan la'asar.

Na fito na tarar da Sufyan a ƙofar asibiti, ƙarƙashin itacen bedi, da ƙafa ya zo. Ya ga fuskata ya gane, ya ce alhamdu lillahi har sau uku. Muka kama hanyar gida, ya zagaya ta hagu kamar yadda ya saba.

Na bari sai da muka shiga zaure, inda ba idon kowa. Na zagaye shi na koma ɗaya gefen, na miƙa masa hannun dama. Ya ja da baya kamar na miƙo masa garwashi.

"Malam, kama."

"Ramla, ni na..."

"Raƙumi ne. Na gan shi, kai ma ka gan shi. Da ni ke tuƙi da haka za a yi. Tun bazara ya kamata in hwaɗa maka. Kama."

Ya kama da yatsu biyu, kamar mai ɗaukar ɗan tsako. Na ce ba haka ba, ya sa farce a nan, gaɓar tsakiya, ya danna. Ya ƙi. Na ce likitan awaki, yau kai ne mai tsoron jiki? Na rufe ido. Ya danna.

Na ce, "Na ji."

Ya ce, "Ƙarya kike, don ki kwantar mini da hankali."

Na ce ya sake, duk lokacin da ya ga dama, kada ya gaya mini. Muka tsaya muna jira. Ina jin numfashinsa, ina jin Inna na daka a cikin gida. Can sai ga shi, ɗan zafi, ƙarami, daidai inda basilla ta shiga.

"Yanzu," na ce.

Bai saki hannun ba. Har Inna ta ƙwala kira daga ciki wai wa ke tsaye a zaure kamar baƙo, bai saki ba.

Juma'a, da safe.

Na tashi na tarar da kaji suna ta faɗa a tsakar gida, an kore su daga gidansu. Tabarmar na kan rumbu, shi kuma yana durƙushe yana wanke moto.

Takardar yau ban huda ta ba.